Abuja da Dare: Tarihin da Fitilu Ke Nunawa da Wanda Suka Bari a Duhu



A manyan biranen ƙasashe da dama akwai wata sana'a da ba ta farawa sai rana ta faɗi. Ana ɗibar baƙi a bas, sau da yawa mai hawa biyu wanda samansa a buɗe yake, a haɗa su da jagora riƙe da makirfo, a riƙa zagayawa da su gine-ginen tarihi da aka haska da manyan fitilu. Duk inda aka tsaya, jagora zai faɗi wanda ya gina wurin da shekarar da aka gina shi da kuma dalili. A Faris, babban birnin Faransa, ana kai mutane su ga hasumiyar Eiffel da aka kammala a 1889. A Washinton ta Amurka ana tsayawa da su gaban ginin tunawa da Shugaba Abraham Lincoln wanda aka buɗe a 1922. A Masar kuwa, tun 1961 ake haska dalar Giza da ke gefen Alƙahira da dare, ana ba da labarin fir'aunoni ta lasifika.

Da rana ido yana ganin komai, har da bola da teburin mai shayi da bukkar maigadi. Da dare kuwa mutum ba ya ganin sai abin da aka kunna wa wuta, kuma hukuma ce ke zaɓar abin da za a kunna wa. Sauran labarin yana bakin jagora. In ya faɗa an ji, in ya yi shiru baƙo zai koma gida yana zaton ya ga birnin duka.

Mu Hausawa mazauna kudu mun saba da Abuja ta dare. Motocin da ke kai mu gida daga Legas da Ibadan da Benin suna bi ta Lokoja da Abaji da Gwagwalada su ɓulle Zuba, sau tari cikin dare ko da asuba. Muna hango hasken birnin ta taga, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa zama suka ji tarihinsa. Don haka yau za mu bi hanyar da irin wancan bas ɗin zai bi in da a Abuja ne, mu faɗi abin da ya kamata jagora ya faɗa, har da na wuraren da hasken bai kai ba.

Kafin Abuja, Legas ce

Jagora na gari ba zai fara da Abuja ba, domin kafin ta akwai Legas, wadda kakanninmu ke kira Ikko. Tun 1896 aka girka injin wutar lantarki na farko a can. Da Turawa suka haɗe Arewa da Kudu ranar 1 ga Janairu 1914, Legas ta zama babban birnin Najeriya, ita kuma Arewa ana mulkinta daga Zungeru, daga baya aka koma Kaduna.

A Legas ɗin aka yi daren da fitila ta fi yin aiki a tarihin ƙasar nan. Daren 30 ga Satumba 1960 jama'a suka cika filin sukuwa da ke tsibirin Legas. Dab da ƙarfe 12 aka kashe fitilu, aka sauke tutar Ingila. Da aka sake kunnawa sai ga tutar Najeriya mai kore da fari da kore tana kaɗawa. Washegari Gimbiya Alexandra, wakiliyar Sarauniyar Ingila, ta miƙa takardun mulkin kai ga Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wannan filin shi ne yau ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa, kuma 'yan uwanmu da ke kasuwanci a Obalende suna wucewa ta gabansa kullum.

Amma Legas ta yi wa gwamnati kaɗan. Teku da tafki sun matse ta, gosulo ya addabi kowa, kuma tun da aka ƙirƙiro Jihar Legas a 1967 sai birnin ya zama yana ɗauke da gwamnati biyu. Ga shi tana can ƙuryar kudu maso yamma, mutumin Maiduguri ko Sakkwato sai ya kwana a hanya kafin ya ga hedikwatar ƙasarsa. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, shugabanni suka ƙara jin buƙatar wuri a tsakiya wanda kowa zai iya cewa nasa ne.

Tsayawa ta farko: Ƙofar Birni

Wanda ya taso daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, abin da zai fara tarar da shi shi ne Ƙofar Birni, wadda aka fi sani da Siti Get. Nan ne wurin ba da labarin Janar Murtala Muhammad. A watan Agusta 1975, makonni kaɗan da hawansa mulki, ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda ya duba ko Legas za ta ci gaba da zama babban birni. Kwamitin ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Murtala ya sanar da haka ga 'yan ƙasa, aka kafa Dokar Soja mai lamba 6 ta 1976, aka yanko fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokacin. Kwana goma bayan sanarwar, ranar 13 ga Fabrairu, aka harbe shi a cikin motarsa a Legas. Bai ga ko bulo ɗaya na birnin ba. Allah Ya jiƙansa.

Aikin ya ɗauki shekara 15. Wani gungun kamfanonin Amurka ne ya zana babban tsarin birnin, aka miƙa shi a 1979. Tsakiyar birnin kuwa Kenzo Tange ne ya tsara ta, mutumin Japan da ya zana dandalin tunawa da bam ɗin Hiroshima. Shugaba Shehu Shagari ya matsa ƙaimi sosai, har ya yi bikin ranar 'yanci na 1982 a Abuja alhali yawancin wurin daji ne da ƙura. Bayan yunƙurin juyin mulkin 22 ga Afrilu 1990, wanda aka kai wa Barikin Dodan na Legas hari, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙara sauri. Ranar 12 ga Disamba 1991 ya tare a Abuja, kuma a wannan ƙofa ministan birnin, Janar Gado Nasko, ya miƙa masa mabuɗi.

Kusa da ƙofar akwai babban filin wasa mai cin mutum 60,000, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003. A ranar 12 ga Yuni 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa masa sunan Moshood Abiola.

Masallaci da majami'a

Da an shiga tsakiyar gari, abin da ya fi ɗaukar ido shi ne Masallacin Ƙasa, da ƙubbarsa mai ruwan zinariya da dogayen hasumiyoyinsa huɗu. An gina shi cikin shekarun 1980, kuma bayan wurin salla yana da ɗakin karatu da zauren taro. Ba nisa da shi akwai Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa, wadda gininta ya daɗe a tsaye kafin a kammala shi a 2005. Ba haɗari ba ne ya sa suka zo kusa da juna. An so duk wanda ya shigo birnin ya ga addinan biyu suna da mazauni daidai a gaban gwamnati. Ko mun cika wannan buri ko ba mu cika ba, wannan wata magana ce, amma ya kamata yaranmu su san cewa da niyya aka yi.

Sunayen tituna ma haka suke. Bas zai bi ta titin Ahmadu Bello, ya ratsa na Herbert Macaulay, ya wuce na Shehu Shagari da na Obafemi Awolowo da na Aminu Kano. Mutanen da suka yi hamayya mai zafi suna raye, ga su yau titunansu na gaisawa a shataletale.

Jagora mai gaskiya zai nuna wa baƙi har da abin da ba a gama ba. A tsakanin manyan gine-ginen nan akwai hasumiyar Millennium, wadda aka tsara za ta kai mita 170, aka fara ta a 2006, ta shekara da shekaru tana jiran kammalawa. Ginin Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ma tun 2006 aka fara shi, ya shiga irin wannan hali. Su ma tarihi ne, domin suna nuna yadda gwamnatocinmu ke da saurin aza harsashi da nauyin kai aiki ƙarshe.

Dandalin Eagle da Dutsen Aso

Daga nan sai Dandalin Eagle, inda Janar Abdulsalami Abubakar ya miƙa mulki ga Cif Olusegun Obasanjo ranar 29 ga Mayu 1999, kuma nan ake rantsar da shugabanni tun daga lokacin. A gabansa akwai kabarin sojan da ba a san sunansa ba, inda shugaban ƙasa ke ajiye furanni duk ranar 15 ga Janairu. An zaɓi ranar ne don ita ce ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Mu kuma ba ma manta cewa a irin wannan rana ta 1966 aka yi juyin mulkin da ya ci rayukan Sardauna Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa da Cif Samuel Akintola da wasu manyan sojoji.

A wannan wuri akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Rundunar sojan Najeriya tana ƙirga asalinta daga 1863, lokacin da wani hafsan Ingila, John Glover, ya tara wasu 'yan Arewa kaɗan a Legas ya ba su bindiga, har aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Wato Hausawan kudu ne tushen rundunar. Daga baya dubban 'yan Najeriya suka tafi yaƙin duniya na biyu har Bama, kuma Hausa ce harshen bariki a zamanin.

Bayan dandalin akwai yankin rassan gwamnati uku: Majalisar Dokoki ta Ƙasa mai koriyar ƙubba, da Kotun Ƙoli, da Fadar Shugaban Ƙasa. Bayansu duka Dutsen Aso yake tsaye, da dare ba a ganin komai nasa sai baƙar inuwa. Yawancin jagorori a nan za su ce an gama, a juya. Mu kuwa a nan rabin labarin na biyu ke farawa, domin sunan dutsen da kansa ba Turanci ba ne, ba kuma Hausa ba. Kalmar Aso ta mutanen wurin ce, ana fassara ta da nasara, kuma daga ita aka sami sunan Asokoro.

Mutanen da aka tarar

Lokacin da aka zaɓi wurin, hujjar da aka fi kafawa ita ce ba ya ƙarƙashin ɗaya daga cikin manyan ƙabilu uku. Wannan gaskiya ne. Amma da tafiya ta yi nisa sai maganar ta juye a bakin mutane ta koma wai Abuja ƙasa ce da ba ta da mai ita, wanda kuwa ba haka ba ne. Akwai Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari ko da yake sun fi son a kira su da sunansu, akwai Koro da Gade da Bassa da Ganagana da Egbura, akwai kuma Gwandara, waɗanda masana harshe suka tabbatar harshensu shi ne mafi kusa da Hausa. Garki da Wuse da Maitama da Jabi da Utako duk sunayen ƙauyuka ne da ke da gonaki da kaburbura kafin zuwan katafila.

Da farko gwamnati ta yi niyyar kwashe kowa ta tsugunar da su a wajen yankin. Da aka yi lissafin yawan mutanen da kuɗin diyya, sai aka sauya shawara a 1978, aka ce za a riƙa tayar da waɗanda aiki ya iso kansu kawai. Haka aka kai mutanen Wuse can Sabon Wuse a Jihar Neja, aka kai na Maitama da wasu ƙauyuka Kubwa. Har yau rigimar diyya da rusau ba ta ƙare ba. Mutanen yankin ba su da gwamna ko majalisar jiha, minista ne da shugaban ƙasa ya naɗa ke mulkinsu, kuma sanata ɗaya gare su da 'yan majalisar wakilai biyu.

Ko wutar da ke haska birnin tana da nata labarin. Wani kaso nata yana zuwa ne daga madatsar ruwa ta Shiroro da ke kan kogin Kaduna a Jihar Neja, wadda ta fara aiki a 1990 da ƙarfin megawat 600. Ita ma a ƙasar Gbagyi take. Sannan leburori da birkiloli da masu gadi da 'yan kasuwa da ke riƙe da birnin, waɗanda da yawansu 'yan uwanmu ne, ba a tsakiyar gari suke kwana ba. In dare ya yi sai su nufi Nyanya da Mararaba da Karu da Dei-Dei da Zuba, inda haya ke da sauƙi, wuta kuma sai an sa'a.

Abuja ta asali

Wanda ya bi hanyar Kaduna ya wuce Zuba zai ga Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke bayan tsohuwar takardar naira 100, ko da yake shi a Jihar Neja yake. Kusa da shi akwai garin Suleja, kuma shi ne Abuja ta asali.

A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, rundunar Malam Musa ta ci Zariya. Sarkin Zazzau na Haɓe, Muhammadu Makau, ya fito da jama'arsa ya yi kudu har Zuba, ƙasar Koro. Ya ci gaba da yaƙe-yaƙe har aka kashe shi wajen Lapai a 1825. Ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya gaje shi, ya kafa sabon gari a 1828, garin ya ɗauki sunansa. Masarautar ta tsaya da ƙafafunta, ba ta shiga ƙarƙashin Sakkwato ba har Turawa suka zo a 1902. Shi ya sa har gobe sarkin garin Sarkin Zazzau ake kiransa, kamar na Zariya. Malaman garin biyu, Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi, sun rubuta wannan tarihi da Hausa, aka fassara shi zuwa Turanci a 1952.

Da aka zo neman sunan sabon babban birni, sai aka ɗauki na wannan gari. Shi kuma aka yi masa sabon suna daga na sarkinsa na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979: Sule da ja, Suleja. Ba suna kaɗai masarautar ta bayar ba, kaso mai yawa na filin birnin daga ƙasarta aka yanka. Ke nan duk jakadan da ya rubuta Abuja a kan takarda, sunan wani basaraken Zazzau yake rubutawa.

Wannan abin alfahari ne gare mu, amma kada mu faɗi rabi mu bar rabi. Zaman masarautar da maƙwabtanta ba kullum lami lafiya ba ne. An yi kasuwanci da auratayya, an kuma yi hare-hare da karɓar haraji, har ɗaya daga cikin sarakunan, Ibrahim Iyalai wanda ya yi mulki daga 1877 zuwa 1902, ana masa laƙabi da Dodon Gwari. Laƙabin kaɗai ya isa ya nuna yadda Gbagyi suka ji a jikinsu.

Akwai kuma kyakkyawan gefe. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ne wani Baturen Ingila maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga tukwanen wata mata Bagbagyiya daga ƙauyen Kwali. Ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, matar ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Sunanta Ladi Kwali. Aikinta ya zaga Turai da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Duk mai takardar naira 20 ya duba: Murtala Muhammad a gaba, Ladi Kwali a baya tana ginin tukunya. Wanda ya ba da umarnin gina birnin da 'yar mutanen da aka tarar a wurin, takarda ɗaya ta haɗa su.

Abin da ya shafe mu

Mun kawo wannan dogon bayani ne domin mu mun san zafin maganar ɗan ƙasa da baƙo fiye da kowa. Unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 aka kafa ta. A Agege da Shagamu da sauran zangonni akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka yanke musu cibi, amma in an zo takardar shaidar asali ko gurbin karatu sai a ce su koma jiharsu. Wanda ya ɗanɗani haka bai kamata a ji bakinsa cikin masu cewa Abuja ba ta da masu ita ba. Haka kuma bai kamata mu riƙa bugun ƙirji muna cewa Abuja tamu ce don sunanta na Bahaushe ne ba. Sunan daga Zazzau ya fito, gonakin na Gbagyi da Koro da Gwandara da sauransu ne, kuɗin ginin na Najeriya ne gaba ɗaya, mafi yawansa daga man fetur na yankin Neja Delta inda wasunmu ke neman abinci a yau.

Shawararmu ga rassan ƙungiya ita ce, duk lokacin da taro ko biki ya kai mu Abuja da mota guda, a ware yamma ɗaya saboda yara da matasa. A fara da Suleja da Dutsen Zuma tun da sauran rana, tunda can ba fitilu ne za su nuna su ba. A shigo gari a yi magariba da isha'i a Masallacin Ƙasa, sannan a zaga sauran wuraren, ana kiyaye dokokin jami'an tsaro, musamman kusa da Fadar Shugaban Ƙasa inda ba a yarda da tsayawa ko ɗaukar hoto barkatai ba. A samu dattijo ko malamin makaranta ya zauna gaba ya yi bayani da Hausa, domin yaranmu da suka tashi da Yarbanci ko Ibo ko Turancin buroka su ji tarihin ƙasarsu da harshen iyayensu. Masu ƙarin bayani, musamman 'yan uwanmu na Suleja da Zuba, muna maraba da abin da suka ji daga manyansu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu a duk inda muke. Amin.